Goran Baba a Tekun Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban sha shayi da kwanciyar hankali a shagon Kawu Bala ba. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Ɗan Kabi, yaya teku?" Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni, ƙafarsa na kan keken ɗinki: "Ya shanye rabi, sauran ya bar wa kifaye." Kawu Bala tela ne a unguwar Utaibiyya a Makka, kuma Bakatsine, ni ko mutumin Argungu ne. Kun san wasan da ke tsakanin Bakabe da Bakatsine. Idan na bar labarin nan a bakinsa, har jikokina sai sun ji kunya. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi da kaina, daga inda ya faro.

Sunana Umaru. Direban bas ne ni a wani kamfanin shara a nan Makka, in kwaso ma'aikata in kai su wurin aiki, in koma in kwaso su. Shekaru na yi a kan kujera ɗaya, shayi mai sukari a dama, ledar shinkafar kabsa a hagu. Bara sai na lura babban yatsan ƙafata ta hagu ya zama kamar ba nawa ba. Na je wani ƙaramin asibiti a unguwar Shisha. Likitan, wani dattijo Basudane, ya ce in rufe ido, ya ɗan soka mini allura a yatsan, ya ce, "Ka ji?" Na ce, "Ka fara?" Bai yi dariya ba. Ya ce ciwon suga ne, ya riga ya soma taɓa jijiya, kuma idan ban tashi daga kujerar nan ba ƙafar ba za ta raka ni tsufa ba.

Ba sai ya yi mini dogon bayani ba. Mahaifina masunci ne, a ruwa ya yi rayuwarsa, kuma wannan ciwon ne ya sa aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Bai sake shiga gulbi ba har ya rasu. Ina tuna shi zaune a zaure yana kallon goran sunsa a rataye a bango. Ranar da na fito daga wurin likitan nan tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

An ce in riƙa tafiya a ƙasa. Na fara da zafi, mako bai zagayo ba na koma wa kujerata. Ni mutum ne da in babu inda za ni, ƙafata ba ta motsi. Faisal ne ya samo mini inda za ni. Makanikin garejinmu ne, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Damagaram, Hausar tasa kuwa rabi da rabi ce da Larabci. Ya nuna mini wani hoto mai motsi a wayarsa: mutane sun yi iyo a teku, sun fito a jiƙe sun hau keke, sun sauka sun kama gudu, duk a jere babu hutu.

"Abu Maryam," haka yake kirana da sunan 'yata, "wallahi lazim ka shiga. Akwai ƙarami na masu farawa, shuwayya shuwayya, a hankali. Da sanyi za a yi, a Jidda."

Na ce, "Wa ya biyo su?"

Ya ce ba wanda ya biyo su, su suka biyo kansu. Sharaɗi ɗaya ne: ƙungiyar da yake ciki ba ta rubuta sunan mutum sai mai horarwa ya ga iyonsa a teku da idonsa. Na yi dariya har da buga cinya. Gudu da keke ne abin tsorona, amma ruwa? Na ce masa a gidanmu yaro kan iya ruwa kafin ya iya gaisuwa. A daren nan na je shagon Kawu na sanar wa duk majalisa, don na san in sun ji ba ni da hanyar janyewa.

Haka na kama. Na sayi tsohon keke a kasuwar gwanjo, ranar hutu mu tafi Arfa ni da Faisal bayan sallar asuba. Wanda ya san Arfa ranar tsayuwa kaɗai ba zai yarda ba: titunan nan masu faɗi fayau, ba kowa sai mu da masu ba itatuwa ruwa. Farkon zuwana na sauka daga keken na zauna a gefen titi ina haki, wani mai ban ruwa ɗan Nijar ya zo ya tambaye ni ko in kira wani nawa. A hankali numfashi ya daidaita, wando ya fara yi mini yawa, na koyi shan shayi ba sukari ina ɓata fuska. Ruwa kuwa, mukan haɗa kai mu kama wani gidan shaƙatawa mai ɗan kududdufin wanka a bayan gari. Ruwan iya ƙirjina yake. In na gaji sai in sa ƙafa a ƙasa in ci gaba da kaɗa hannu, Faisal na cewa "Mashallah."

Da lokacin gwaji ya matso na kira Inna a gida na ce ta aiko mini da goran Baba. Ga wanda bai sani ba, gora ƙaton duma ne mai baki a sama. Masunci kan kwanta a kansa, ya toshe bakin da cikinsa, ya tuƙa da hannu da ƙafa ya ratsa ruwa mai zurfi, in ya kama kifi ya jefa a ciki.

Inna ta ce, "Ummaru, mi kaka yi da gora ƙasa mai tsarki? Gulbi yat tsiro Makka?"

Na ce teku zan shiga. Sai ta ce, "Ƙahwar hwa?" Kullum tambayarta ke nan, ko me muka fara sai ta dawo kan ƙafar. Wata maƙwabciyarmu da ta zo Umara ce ta taho da shi. Don kada a yi asarar wuri, Inna ta cika cikinsa taf da daddawa da kuka. Na juye, na wanke, na shanya, amma warin nan ya ce shi ma ya zo ke nan.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka ɗaure kekuna a saman motar Faisal. Na biya ta shago yin sallama. Kawu ya miƙo mini wani wando da ya ɗinka mini da kansa, mai kauri, har ƙasan gwiwa.

Ya ce, "Na ga irin abin da suke sawa a wayar Faisal. Ba za ka je ka tona mana asiri ba."

Na ce, "Kawu, ka zo mu je mana, ka ga yadda maza ke ruwa."

Ya ce, "Ni da takarduna ke wurin Allah? Je ka dai. In ka nutse ka aiko a gaya mini, akwai mai son kekenka." Kawu ya zo aikin Hajji ne tun ina yaro, bai koma ba, kuma iyakarsa unguwannin Makka. Jidda da muke gani nan kusa, a wurinsa wata ƙasa ce.

A shingen bincike na Shumaisi aka tsayar da mu. Na miƙa iƙamata, wato katin izinin zama, jami'in ya duba ya mayar. Har zai ɗaga mana hannu sai idonsa ya faɗa kujerar baya, inda goran ke zaune an ɗaura masa bel kamar fasinja. Ya ce, "Esh haza?" wato mene ne wannan. Faisal ya fara bayani, ya rasa sunan abin da Larabci, ya rasa da Hausa, ya juyo yana kallona. Jami'in ya ƙwanƙwasa shi, ya leƙa bakin, daddawa ta gaishe shi. Ya ja da baya yana toshe hanci, ya kira abokin aikinsa. Ni kuwa na fito na ɗora goran a ƙasa, na kwanta a kai ina kaɗa hannu a gefen titi don su gane. Suka yi ta dariya, ɗayan ya ce Allah Ya ba da sa'a, suka sallame mu. Faisal ya yi ta tuƙi yana ɓata rai har muka hango fitilun Jidda.

Masaukinmu wani gidan haya ne a arewacin gari, kusa da ruwa, 'yan ƙungiya sun kama ɗakuna. Aka haɗa mu da wani ma'aikacin jinya ɗan Filifin mai suna Rodel, mutum mai fara'a, ya girme ni amma cikinsa a shafe kamar faranti. A nan na fara ganin abubuwa. Maza manya da gemu sun aske gashin ƙafarsu tas, wai don iska. Kowa da agogo a hannu, ba don sanin lokacin salla ba, don ya gaya masa ko ya gaji. Mu a gida mutum da kansa yake sanin ya gaji. Kekunansu kuwa a cikin ɗaki suke kwana, nawa ne kaɗai aka bari a tsakar gida, kuma ba wanda ya ji tsoron za a ɗauke shi.

Ni na sa rai da kifi, tunda ga mu a bakin teku. Sai aka kawo taliya fara sol, ba mai ba yaji, da ayaba. Na ce wa Rodel ko wani ne ba shi da lafiya. Ya ce abincin gobe ke nan, ƙarfi ne. Da ya ji ina da suga sai ya janye farantin, ya fita da kansa ya samo mini gasasshen kifi da ganye, ya tsaya a kaina har na auna jinina, ya ce in sa dabino a aljihu gobe. Kifin ba laifi, amma wanda ya ci giwan ruwa na gulbinmu ba zai rikice ba.

Da safe muka isa bakin ruwa. Na tsaya. Ni duk ruwan da na sani yana da tsallake, kana ganin mutanen can gefe suna wanki. Wannan ba shi da can gefe. Mai horarwar, Kaftin Hisham, ɗan Jidda ne, gajere, rana ta ƙona shi har ya kusa kama ni. Ya nuna wata jar alama da ke yawo a kan ruwa, ya ce gobe kowa zai je ya zagaye ta ya dawo, ba riƙe komai, ba taɓa jirgin ceto. Yau gwada ruwa ne kawai. Sai ya ga abin da na rungumo.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce da shi ake iyo a garinmu.

Ya ce, "To in babu shi?"

Wallahi sai a lokacin tambayar ta taɓa shiga kaina. Na tsaya ina lissafin rayuwata. Wasan yara a bakin gulbi, ƙafa na taɓa yashi. Ruwa mai zurfi, a kan gora, Baba na gefe. Daga nan na tafi koyon mota. Ban taɓa shiga ruwan da ya fi ƙarfin tsayina ba tare da gora a cikina ba, kuma ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin rashin iya ruwa ba, don kowa a gidanmu haka yake yi. Amma bakin Bakabe ba ya mutuwa a gaban ruwa. Na ce, "Kaftin, bari dai ka gani."

Ya bar ni na shiga da shi. Da farko abin ya yi kyau, na wuce mutum biyu ma, ina jin ana tafi a baya. Abin da ban sani ba, gulbi gaba yake tafiya, teku kuwa sama da ƙasa yake yi. Wata igiyar ruwa ta ɗaga ni, ta sauke ni, ta biyu ta zare goran daga cikina. Na miƙa ƙafa neman ƙasa, babu. Wandon Kawu ya cika da ruwa ya zama buhu. Na buɗe baki in yi salati, gishiri ya shige har hanci. Abin da na sani kawai, Rodel ya riƙe ni ta haɓa yana cewa in daina dukansa, aka jawo ni jikin ƙaramin jirgi. Wannan shi ne rabin tekun da Kawu ke cewa na sha, kuma ban ce ƙarya ya yi duka ba.

Na zauna a kan yashi ina amai, kunya kamar in tone rami. Wata mata ce daga cikin 'yan ƙungiyar ta kamo goran ta kawo mini, ta ajiye a gefena. Faisal ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Halas, Abu Maryam, mu koma. Ka yi keke kawai, ya isa." Na san tausayi ne. Na kuma san kaina. In na koma Makka a haka, keken ma jingine shi zan yi, in koma wa kujerata da shayina. Na dubi yatsan nan, yashi ya rufe shi amma ba na jin yashin. Na ce ba inda za ni.

Bayan sallar Juma'a na sami Kaftin na ce ya koya mini kamar yaro. Ya ba ni aron wando irin nasu, dogo har gwiwa amma mai kama jiki, na sa ina neman gafarar Allah da ta Kawu. Ya kai ni inda ruwa ke iya wuya, ya ce in kwanta rigingine, in buɗe hannuwa, in cika ƙirji da iska. Na ce zan nutse. Ya ce, "Ruwan gishiri ba irin naku ba ne, yana ɗaukar mutum in mutum ya bari. Kai ne ba ka bari." Ya sa tafin hannu a bayana. Na ƙanƙame, na sha, na tashi, muka sake. Muka yi ta yi har la'asar. Can ina kallon sama, kunnuwana cikin ruwa, sai na hango Kaftin tsaye nesa da ni ya harɗe hannuwansa biyu a ƙirji. Ban san lokacin da ya janye ba. Daga nan ya nuna mini abu ɗaya: in yi iyona na kare yadda na iya, in na gaji in juya rigingine in huta, in sake juyawa. Ya ce ba kyau ake nema gobe ba.

Da gari ya waye na nemi gorana a inda na ajiye shi, babu. Hankalina ya tashi. Na isa bakin ruwa ina tambaya, sai Kaftin ya nuna mini teku da haɓa. Can jikin jar alamar nan, ga goran Baba an toshe bakinsa an ɗaure shi da igiya, yana rawa a kan ruwa.

Ya ce, "Ka ce da shi kake iyo. To ga shi can. Ka je ka gaishe shi. Amma in ka rataya a jikinsa, ka faɗi."

Raina ya ɓaci, na ga kamar wasa yake da kayan mahaifina. Ban sami lokacin faɗa ba aka busa usur. Na yi bismilla na shiga.

Kowa ya wuce ni, har wani tsoho mai furfura. Na yi ta kaɗawa, in gaji in juya, in kalli sama, in sake. Duk sanda na ɗago kai goran nake nema, kuma da ba don shi ba da na karkace na nufi Sudan. Lokacin da na kusa, sauran har sun fara fita. Hannuwana sun mutu, numfashina na fita da ƙara, jirgin ceto na biye da ni a hankali. Sai ga shi a gabana, har ina ganin tabon da Baba ya liƙe da ƙaro a gefensa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in rungume goran nan ba. Jikina duka ya san yadda ake kwanciya a kansa. Kuma a nan Baba ya faɗo mini a rai, ba a ruwa ba, a zaure, da ƙafar wando ɗaya a naɗe. Na yi kuka, cikin teku ba mai ganewa. Na miƙa hannu na buga shi sau ɗaya da tafi, yadda masunta ke yi in za su shiga ruwa, ya amsa da ƙarar nan tasa. Sannan na zagaye alamar na juya masa baya.

Dawowar ba na iya ba da labarinta, don ban san yadda na yi ba. Na dai ji gwiwata ta daki yashi. Na rarrafa na fito, Faisal na tsalle yana ihu da Larabcin da ban taɓa ji ba, Rodel na tura mini dabino a baki. Kaftin ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin iyo mai muni kamar nawa ba, kuma in zo da kekena da sanyi, ya karɓe ni. Sai dai kafin nan kowane hutu in zo Jidda, don ruwan gasar ya ninka wannan.

A hanyar dawowa goran na kujerar baya da bel ɗinsa. Da muka wuce shingen muka shigo Makka na kira Inna.

Ta ce, "Goran ya kai ka?"

Na ce, "Inna, ban hau shi ba. Na je na same shi tsakiyar ruwa, na baro shi can, na dawo da kaina. Daga baya aka ɗauko shi."

Ta ce, "Ƙahwar hwa?"

Na ce, "Biyu suke, Inna."

Ta ce, "To riƙe su da kyau. Babanka goran yab bari, ba don ya so ba."

Goran yana rataye yanzu a bangon ɗakina a Shisha. Ba na zama in kalle shi. Gobe Juma'a, Faisal zai zo bayan asuba, kuma tayar kekena ta baya tana bukatar iska.